Gurbin Inna a Allon Balarabe

Duk wanda ya ci kasuwar Doguwa a shekarun tamanin ya san allon Balarabe Mai Hoto, ko da bai san Balarabe ba. Katako ne mai murfin gilashi, tsawon ƙofar ɗaki, da yake jinginawa a bakin shagonsa kowace safiya don mutane su ga irin aikinsa. Ni Ɗantani tela, shagona manne yake da nasa, saboda haka na kalli allon nan har na gaji.

Ba kowane hoto ke shiga allon ba. Sai Balarabe ya zauna ya tace su, yana tsaki: wannan ya ƙifta ido, wancan ya saki baki. Waɗanda suka faɗi jarrabawa sai ya watsa su cikin wata tsohuwar garwa a bayan ƙofa. Waɗanda suka ci kuwa, in ka duba da kyau, za ka ga duk samarin ƙasar Doguwa agogo ɗaya na shagon suke ɗaurawa, kuma kullum ƙarfe huɗu da minti goma yake nunawa. Kwat ɗin ma ɗaya ce, ni na ɗinka ta. A bayansu akwai labule mai zanen jirgin sama, wanda ya fi kama da tarwaɗa mai fukafukai.

Amma tsakiyar allon fili ne, faɗin tafin hannu biyu, zagaye da jan zare. Wani ɗan siyasa ya taɓa roƙon a sa shi a nan, da babbar rigarsa da komai. Balarabe ya ce masa wurin na Inna ne.

Inna Turai mahaifiyarsa ce, Bafulatana mai kawo nono kasuwa daga rugarsu ta gindin dutse. Matsalar ɗaya ce, Balarabe ɗan farinta ne. Kunyar ɗan fari kuwa ta riƙe ta da hannu biyu: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In dole ta kama ta ambace shi, sai ta ce "mai akwatin nan". Shi kuma Allah ya ɗora masa sana'ar da duk jarinta shi ne, "Ɗago ka dube ni."

Babu dabarar da bai yi ba. Wata sallah ya saya mata atamfa, ya lallaɓa ta har ta zauna a kujerar shago. Ya saita kyamara, ya ce, "Inna, a yi haƙuri a ɗan ɗago." Ta juya ta ba shi ƙeya. Hoton ɗankwali ya fito, kuma gaskiya ɗankwalin ya yi kyau.

Sai ya ce tunda shi ne ba a kallo, ni in ɗauka. Ya rataya mini kyamarar, na je na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, ni ne fa, ba shi ba."

Ta ɗauki faifai ta kare fuska. "Akwatin nasa ne, Ɗantani. Idonsa na ciki."

Na dai danna. Da aka wanke, ƙafafunta ne da rabin ƙwarya. Balarabe ya ce in ci gaba da ɗinki, Allah bai nufe ni da hoto ba.

Wallahi har haushin tsohuwar nan na riƙa ji. Wata rana yana goge gilashin allon ya ce mini, "Ɗantani, babu idon da ban sani ba a garin nan, har na alƙali. Amma ban san idon uwata ba." Na yi niyyar tsokanarsa kamar kullum, sai na ga ba ranar tsokana ba ce, na koma kan kekena.

Da daminar 1993 zazzaɓi ya kwantar da Inna Turai kwana biyu, a na uku ta rasu. Bayan addu'ar bakwai allon ya dawo bakin shago da gurbinsa yadda yake. Balarabe ya zama mafaɗaci. Ango ma in ya sunkuyar da kai sai ya daka masa tsawa.

Bayan wata uku gara ta shiga shagon, matarsa Saude ta zo ta fitar da garwar nan don ta ƙone abin da ke ciki. Ta zauna a inuwata tana dubawa tana dariyar masu karkatattun baki. Can sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Malam, zo ka gani."

Hoton Hamman ne, wani makiyayi da ya taɓa jawo bijiminsa har ƙofar shago don a ɗauke su tare kafin ya sayar da shi. Daidai lokacin dannawa bijimin ya juya ya ba kyamara baya, ya ɗaga wutsiya. Shi ya sa hoton ya tafi garwa. Amma can a kusurwa, ƙarƙashin tsamiya, masu nono ne a jere, kowace na harkar gabanta. Ɗaya ce kawai ta ɗago kai, tana kallon mai ɗaukan hoton kai tsaye, har da ɗan murmushi.

Balarabe ya kira ni, muka zazzage garwar a ƙasa. Mun same ta a hotuna shida, duk na ranar kasuwa, duk a gindin tsamiyar. Ashe wurin ta zaɓa don yana fuskantar shagonsa. Da zarar ya manna ido ɗaya a kyamara ya runtse ɗayan, sai ta ɗago ta more kallon ɗanta. Shi kuwa gwani, a kowane hoto abin da ya lalace kawai yake dubawa.

Na bijimin ya fi fitowa sarai, shi Balarabe ya kai Kano aka ƙara masa girma. Masu wankin suka ce in an yanke bijimin aka ƙara girman fuskarta kaɗai, za ta dushe. Ya ce a bar masa bijiminsa.

To, abin da ya cike gurbin da aka hana mai babbar riga ke nan: bayan bijimi da wutsiya a sama. Baƙi kan tsaya su yi ta ƙyaƙyata dariya. Balarabe yakan bar su su gama, sannan ya taso ya ɗora yatsa a kusurwar gilashin.

"Duba nan," yakan ce. "Ni take kallo."