Motar Yayana Mai Ƙwanƙwasa Ƙofa

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta akori-kurar yayana ba. Ya rasu a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da kayan gyaran mota suka yi wuyar samu, ya bar mini ita da marayu biyar. Da ita nake ɗauko albasa daga Kajiji, da ita suke ci.

Bayan sadakar arba'in na fara jin bugun motar. Da safe in na tayar da ita, sai in ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga cikin inji, daidai yadda marigayi yake buga ƙofata da zobensa. In inji ya ɗau zafi sai ta yi shiru. Baƙin mai kuma ya riƙa ɓacewa. In cika yau, jibi sandar awo ta fito a bushe, ƙasa kuwa ko ɗigo babu. Tsoro ya kama ni sosai. Aljihun gaban motar, inda yake ajiye kayansa, ko taɓa shi na kasa yi.

Wani tsohon bakanike a Bodinga ya kasa kunne, ya duba shuɗin hayaƙin salansa. Ya ce, “Ringin cikin inji ya cinye, fistan na kaɗawa, man ƙonewa shikai. Nemo ringi tun da wuri.” Na zaga Sakkwato ban samu ba, kuma ni a raina na riga na yanke cewa ba aikin ƙarfe ba ne.

Malaminmu ya ba ni rubutu in sha don tsoron ya sake ni. Ni da wayona, sai na juye shi a bakin da ake zuba wa inji baƙin mai. Rannan, kusa da Sifawa, da lodi a baya, bugun ya yi ƙarfi kamar za a ɓalle ƙofa. Sai ya tsaya cak. Motar ma ta tsaya.

Da aka jawo ta, tsohon ya ga man ya koma fari. Ya ce, “Mi kaz zuba mata?” Ya buɗe aljihun nan yana neman tsumma, sai ga ƙunshi a tsohuwar hular marigayi: ringi sababbi fil, saiti guda. Ashe yayana ya ji bugun kafin ni, ya tanada.

Injin bai sake tashi ba, marayun aka rarraba su gidajen dangi. Tun ranar, duk abin da ya ba ni tsoro, buɗe shi nake fara yi.