Kalmasar Wandon Auta

Duk wanda ya yi firamare a garinmu a zamaninmu, Baba Zai-girma ne ya ɗinka masa kayan makaranta, kuma babu wanda kayan suka taɓa yi wa daidai. Shagonsa na kan kwanar makaranta, tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo. Ɗan tsukukun ɗaki ne: baƙin keken ɗinki na ƙafa, benci da aka tallafe da bulo, dutsen guga na gawayi a bakin ƙofa, sai ƙyallaye shuɗi da fari barbaje a ƙasa. Shi kansa siriri ne, tef a wuya, alli a bayan kunne, tabarau ɗaure da zare.

In aka kai yaro awo, sai ya ɗora tef, ya duba inda ya tsaya, sannan ya tura babban yatsansa gaba, can inda yaron bai kai ba, ya sa alli a nan. Uwa ta ce ai wannan ya yi yawa, shi kuma ya ce zai girma. Nan sunan ya samo asali. Ragowar yadin ba ya yankewa. Ninke shi yake ta ciki, a ƙasan riga da ƙafar wando, kalmasa kan kalmasa. Duk farkon shekara a mayar masa, ya sa reza ya warware ninki ɗaya, ya goge, ya sake ɗinkewa. Tsohon ninkin yakan bar farin layi, har da ganin layukan wandon yaro kana iya faɗin ajinsa.

Ni kam haushinsa nake ji, ba ɓoye-ɓoye. Rigata ta aji ɗaya sai da na riƙa tattare ta in zan yi gudu, manyan 'yan aji suna kirana buhu. Na sha dambe a kan sunan nan lokacin tara. Rannan na tsaya gaban Baba ina huci na ce ya rage min. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in je in ci abinci.

Ƙanena Auta da sikila aka haife shi. Tsakanina da shi akwai yara biyu maza, duk ciwon ne ya ɗauke su, na biyun yana aji ɗaya. Saboda haka Innarmu ba ta so Auta ya shiga makaranta ba. Shi ne ya dame ta da kuka, kullum yana bina har bakin titi, sai ta haƙura ta sayo yadi muka tafi shago mu uku.

Auta ya tsaya ya ware hannuwa, ƙafafunsa kamar sillan kara. Baba ya ɗora tef ya fara tura yatsa. Inna ta ce wannan dai a yi masa daidai jikinsa. Ya ba ta amsar da yake ba kowa.

"Baba, na ce daidai," in ji Inna, muryarta can ƙasa. "Na yayansa yana nan a akwati, ko ninki ɗaya ba a kai ga warwarewa ba. Ba zan sake ajiye irinsa ba."

Auta bai san me ake ba, hankalinsa na kan ƙafar keke. Baba ya daɗe yana kallon allin hannunsa, sannan ya sa shi inda yatsansa yake.

"Maman Auta, ni ban iya ɗinkin daidai ba. Akwai tela a bakin tasha, ya iya. Amma ba da hannuna za a yanke wa yaron nan yadi ba."

Inna ta fizgi hannun Auta muka fita, ta bar yadin a kan benci. Ba ta je bakin tasha ba, ba ta kuma sake bi ta kwanar nan ba. Baba ya ɗinka kayan yadda ya saba, ni aka riƙa aika.

Karatun Auta rabi a aji ne rabi a tabarma. Da damina ta sauka sanyi ya shige shi, sai ƙasusuwa su tashi, ya yi ta juyi yana kiran Inna. Na sha goyo shi daga makaranta zuwa gida, jakarsa a wuyana. Malamai ba sa dukansa, abin kuma yana ba shi haushi, wai an mayar da shi jariri. Duk farkon shekara nakan kai wandon. Wata shekarar, wallahi, ko kaɗan Auta bai ƙaru ba. Baba ya gwada shi, ya gani sarai, amma ya warware faɗin yatsa ya ce ya ƙaru.

Yana aji huɗu ciwon ya yi masa kamun da bai taɓa yi ba. Aka kwantar da shi asibiti ana neman jini. Da idona na ga Inna ta wanke kayan makarantarsa, ta ninke, ta sa a akwati a kan na yayansa. Ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ana saura kwanaki a koma makaranta daga hutu sai ga sallama a ƙofar gida. Baba ne, da tef ɗinsa a wuya. Ban taɓa ganinsa a tsaye nesa da kekensa ba, ashe ɗingishi yake. Ya ce kowa ya kawo nasa, saura na Auta. Inna ta ce masa daga cikin zaure yaron yana asibiti.

"Na sani," ya ce. "Wandon na zo karɓa."

Ta shiga ɗaki ta jima, sannan ta miƙo min. Washegari na kai wa Auta shi a goge, na rataye a ƙarfen gadonsa. Ban ce wando ne ya tashe shi ba. Akwai likitoci, akwai jinin kawunmu, akwai ikon Allah. Na dai san ya yi ta kallonsa yana tambayar yaushe za a koma.

Da zai shiga aji shida, Inna ta ce in bari, ita za ta kai. Na bi ta. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Baba ya juya wandon ciki waje, ya bi ƙafar da yatsa, ya sake bi, sannan ya ajiye rezar.

"Ya ƙare, maman Auta. Babu sauran abin warwarewa. Sai dai ki sayo sabon yadi."

Inna ta zauna a kan bencin nan ta rufe fuska da mayafi. Matar da ban ga hawayenta ba ko ranar da aka fita da yayan Auta, ita ce ke kuka a shagon tela da rana tsaka, ga mai aski da mutanensa a bayan bango. Baba dai ya hau taka keke da ƙarfi, babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allura, har sai da ta gama.

Daga baya ɗinkakkun kaya suka cika kasuwa, idonsa kuma ya raunana, ya koma sa maɓalli da facin aljihu. Allah bai ba shi haihuwa ba, amma babu ɗan garin da Baba bai san tsayinsa ba. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Auta ne ya kira ni ya faɗa min. Yana cikin waɗanda suka ɗauke shi, da furfurarsa a gemu, da ciwonsa da har yau yakan motsa.

Ranar da Inna ta kai sabon yadin ina wurin. Baba ya ɗora tef, ya tura yatsa yadda ya saba, ya ɗauko alli. Inna ta leƙo ta kan kafaɗarsa ta duba.

"Baba," ta ce, "ƙara kaɗan."