Numfashin Kyaftin Benson

A Nasarawan Doya kowa Kyaftin yake ce wa Benson, alhali ko kwalekwale bai taɓa tuƙawa ba. Shekara goma sha tara ya yi a jiragen ruwa a Ikko, aikinsa kuma guda ne: fenti. Can cikin tumbin jirgi ake tura shi, inda babu taga, ya ɗaure hanci da tsohuwar singileti ya yi ta shafawa. In ya fito sai ya huda gwangwanin madara ya shanye, don masu fenti sun ce ita ke wanke ƙirji.

Da ya dawo gida noman rake, abin tinƙahonsa bai wuce ƙungiyar mawaƙan coci ba. Shi ke jan baitin ƙarshe na waƙar godiyar kaka, ya riƙe shi har sai mata sun rangaɗa guɗa. Bana kuwa tun a wurin gwaji tari ke tare shi a tsakiya.

Matarsa Paulina ta tasa shi gaba zuwa asibiti a Zariya. Aka miƙa masa wani bututu, aka ce ya hura iya ƙarfinsa.

"Likita, riƙe na'urarka da kyau, kada ta fashe," in ji Kyaftin.

Ya hura sau uku, idanu a waje. Likita ya duba takarda, ya ce tiririn fenti ya cinye kusan rabin ƙarfin huhunsa, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan.

"To, madarar fa? Na sha ta garke guda!"

"Baba, madara ciki take zuwa. Fenti kuwa huhu."

A hanyar komawa gida, tun daga Zariya har Makarfi Paulina take masa tsiya, wai ashe ɗan maraƙi ta aura. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai ta ja bakinta.

Ranar godiya ya tsaya a sahun gaba. Da aka zo baitin ya ɗauka lafiya lau, ya kai rabi, sai numfashi ya ƙare. Baki a buɗe, ba abin da ke fita. Sauran mawaƙa suka yi maza suka ƙarasa, aka yi guɗa kamar kowace shekara.

A hanyar gida Paulina ta rage sauri don ya cim mata.

"Baban Anita, yau muryarka har waje ake ji."

Shekara talatin tana zolayarsa, bai taɓa jin zafi ba. Wannan yabon ne ya zaunar da shi a bakin hanya yana share hawaye.