Shibkar Mai Takaba

Shekarar da maigidana ya rasu, damina ta iske ni cikin takaba. Irin hatsi ƙwarya guda ya bar mini, ba wani bayansa. In ya lalace, ni da ɗiyana sai dai mu ci ƙasa.

A garinmu, kusa da Karofane, labarin ruwa ta wayar maza yake shigowa. Masu meteyo, ma'aikatan hasashen yanayi, su aiko, a faɗa a ƙofar masallaci, kowa ya kai wa matarsa, mata su ƙarasa shi a bakin rijiya. Ni a da, daga bakin marigayi nake ji, yana wanke hannu zai ci tuwo. Yanzu ba miji, ba rijiya, ba kasuwa.

Ran nan ruwa ya sauka, mai yawa. Mai takaba na iya zuwa gona in ba ta da mai yi mata, amma ba ta tsayawa hira. Da sassafe na lulluɓe, na ɗauki sungumi, na bi ta bayan gari.

Ina sara, ina zuba iri, ina takewa, har rana ta ɗaga. Sai na lura ba kowa. Gonar ƙanen mijina shiru, ta liman shiru. Alhali ranar shibka har tsofaffi ba su zama gida. Na tsaya, saura rabin ƙwarya. In koma in tambaya? In tambayi wa? In ƙasa ta bushe kafin in dawo fa? Na ce lalaci ne ya kama su, na ci gaba.

A hanyar gida na haɗu da ƙawata. Ta leƙa ƙwaryar.

"Ke! Ina irin?"

"Yana ƙasa."

Ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Ba a hwaɗa miki ba? An ce ruwan ga na ruɗi ne, fari na biye, kowa ya dakata!"

"Wa zai hwaɗa mini? Ba ke ce kinka zauna bisa tabarmata shekaranjiya ba?"

"Wallahi kunya na ji, ana gaisuwar mutuwa in kawo zancen gona. Na aza ƙanen mijinki ya aiko."

Shi kuma ya aza mata sun faɗa mini. Raina ya ɓaci, har yau bai gama hucewa ba.

Hatsin ya tsiro kore shar, ina kallo ya ƙone. Da ruwan gaskiya ya zo, gida gida na bi ina roƙon iri, a hannun mutanen da dukansu sun sani.

Yanzu in hadari ya taso, ba sama nake kallo ba. Gonakin mutane nake kallo.