Gorar Awon Malam Iliyasu

Da an idar da sallar asuba, Malam Iliyasu maƙeri yakan share maƙerarsa da ke bakin kanal ɗin ruwan noman rani a bayan Bunkure, ya hura gawayi, sannan ya jingine wata doguwar gora a jikin bango. Lauje da fartanya ne cinsa da shansa, amma maharban Kura da Garun Malam bindigar toka suka san shi da ita. A watan jiya ya kashe wutar maƙerar, ya ce hannu ya gaji. Ko taron shayi ba a yi masa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Tsarinsa ɗaya ne. Duk wanda ya zo neman bindiga, sai ya cire masa hula, ya tsayar da shi jikin gorar nan. Idan aka kafa gindin bindiga a ƙasa, dole bakinta ya zarce kan mai ita. Dalili kuwa, ta baki ake ɗura mata albarushi, kuma wani lokaci ɗan tartsatsin harbin farko yakan maƙale a ciki. In ta tashi ana cikin ɗuri, doguwa sama take watsa wutarta. Gajera fuska take samu.

Da babura suka yawaita, samari suka ce doguwa tana kama reshe, tana hana su gudu a gefen kanal. Dalhatu maharbi ya ba ni labarin ranar da ya je da nasa roƙon.

"Malam, rage mini ko taƙi ɗaya ne."

"Dalhatu, agwagwar ruwa kake nema ko gyaran fuska? Je ka, ba da zartona ba."

Dalhatu ya yi fushi, ya daina gaishe shi har aka yi girbi. Da rani na gaba bindigar ta tashi a hannunsa cikin shinkafa, hularsa kawai ta ƙone. Wasu da yawa sun kai nasu wajen masu walda, ciniki ya ragu, Malam bai sauya ba.

Kai ne ka tsare idanun 'ya'yan mutane, Malam Iliyasu, sai ga shi na gidanka ne ya kuɓuce maka. Mudassiru, ɗansa na fari, ya roƙa aka hana shi, ya ɗauki zarton uban ya datse tasa a ɓoye. Wata rana da hantsi yana ɗuri na biyu a bakin ruwa, wutar ta same shi. An yi asibiti, an yi addu'a, idanun ba su dawo ba.

Da muka je jaje, abin da Malam ya ce ke nan: "Na auna kowa a garin nan. Shi ma na auna shi." Washegari ya buɗe maƙera, ya ci gaba da cire wa mutane hula.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sanyaya maka zuciya. Ku kuma masu ƙira da walda da kuka rage, don Allah ku tsayar da mutum ku auna shi kafin ku ɗora zarto, ko da zai daina gaishe ku.

Na tambayi Malam wa zai gaji gorar. Sai ya nuna mini hanyar masallaci. Mudassiru ne ke tafe a hankali, yana laluben gefen kanal da ita.