Baba Ladan, Mai Kallon Masu Kallo

Ranar kasuwar Jega ce, hantsi ya ɗaga, ina cikin shagona ina sauya wa wata waya gilashi, sai Alhaji Bello dillalin albasa na Aliero ya tsaya a ƙofa ba tare da barkwancin da ya saba ba. Ya ce, "Nasiru, Baba Ladan ya cika da asuba can Maiyama, gidan ɗiyatai. An sa jana'iza bayan azahar." Na yi salati, na ajiye wayar. Ina jin kunyar faɗa, amma ba kuka ne ya fara zo mini ba. Wata magana na tuna, wadda na yi shekaru ina shirin gaya masa, ga shi ya tafi ban gaya masa ba.

Baba Ladan shi ne mai gidan kallon da ke bayan tashar mota a da. Rumfar kwano ce da bencina, da janareta mai yawan tari, da talabijin a bisa kanta. Ana shiga bayan la'asar, kuma da an kira magariba zai kashe, ko da jarumi na tsakiyar faɗa. Abin da ya bambanta shi da sauran masu sana'ar shi ne wurin zamansa. 'Yar kujerarsa ta tsugunno tana ƙarƙashin kantar, ya ba talabijin baya, ya fuskanci jama'a. Na taɓa tambayarsa ko ba ya son fim ne. Ya ce, "Fim guda na cikin akwatin ga. Ni ko nan da nika zaune, arba'in nika kallo."

Ba wasa yake yi ba. Alhaji Bellon nan da ya kawo mini labari, a lokacin ƙaramin manomi ne. Wata rana aka zo wurin da kowa ke ƙyalƙyala dariya, shi kaɗai bai motsa ba. Baba Ladan ya bi shi waje, ya yi ta jan sa da hira har ya faɗi cewa albasar da ya ajiye ta shekarar duk ta ruɓe. Washegari tsohon ya hau mota zuwa Aliero, ya haɗa shi da wani amininsa da ya ba shi iri. Bai taɓa ba da wannan labari ba, a bakin Alhaji Bello na ji shi.

A wannan rumfa na koyi son fim, kuma ni ne na kashe ta. Da wayoyi suka yawaita na buɗe shagon turi, ina zuba wa mutane fina-finai a memori su je su kalla a gida. Duk faɗin Jega ban ga inda zan kama shago ba sai daidai ƙofar Baba Ladan, don na san nan masu son fim suke bi. Ina kallo bencinansa suka riƙa raguwa har ya sayar da janaretan. Daga nan na koma tsallaka titi idan na hango shi, wai ina sauri.

Wata safiya sai ga shi cikin shagona. Na ce a raina yau zan girbi abin da na shuka. Ya zauna, ya ɗauki memori ɗaya ya ɗora a tafin hannu, ya yi ta juya shi. "Ɗana, nuna min ta inda dawaki da mutane ka shiga cikin abin ga da bai kai akaifa ba." Na yi ta bayani ina haɗa gumi, yana ta tambaya kamar ɗalibi. Ya yi godiya ya tafi, ni kuma ban ce masa ya yafe mini ba.

Ramin da na haƙa bai daɗe ba ya zo kaina. Data ta wadata, aka koma kallo kai tsaye a intanet, fim mai dogon zango na fitowa mako-mako, kowa ya buɗe abinsa ba sai ya biyo ta kaina ba. Turi ya mutu a hannuna, na koma gyaran waya. Na ɗauka tsohon zai yi mini dariyar ƙeta, sai ya zo da sabuwar tambaya: "To in mutum shina kallo shi kaɗai, wa ka gaya mishi wurin dariya?"

Sai ya shiga neman amsar da kansa. Duk motar da ya hau tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, sai ya zaɓi inda zai riƙa ganin fuskokin masu iyafis a kunne, ya dawo ya ba ni rahoto kamar wanda aka aika. Ya ce mai kallo shi kaɗai ba ya dariya har haƙori, iska kawai yake fitarwa ta hanci. Amma ya fi saurin hawaye, don babu wanda zai yi masa tsiya. Ya yi mamakin yadda waya ke zaɓar wa mutum fim na gaba tun bai nema ba, ya ce ita ma ashe kallon masu kallo take yi, sai dai ba ta bin kowa waje ta tambaye shi lafiya.

Bai taɓa tsine wa zamani ba. Abin da ya fi faranta masa rai ma a gidansa ya faru. Matarsa Inna Kulu, wadda duk shekarun sana'arsa ba ta taɓa ganin fim ko ɗaya ba, ta fara bin wani mai dogon zango a wayar jikarta. Ya ce ya ɗauko kujerarsa ya zauna gabanta yana kallon fuskarta har aka gama. "Wanga abu ya kai inda bencina bai taɓa kaiwa ba," in ji shi, idonsa na ƙyalli.

Da ciwo ya kwantar da shi aka kai shi Maiyama, na yi niyyar in je in roƙi gafararsa. Kowane mako sai in ce bari kasuwa ta wuce. Haka na yi ta yi har Alhaji Bello ya tsaya a ƙofata.

Bayan mun dawo daga maƙabarta a Maiyama, Inna Kulu ta aiko a kira ni bakin zaure. Ta turo mini kujerar tsugunnon nan daga bayan labule, ta ce ni ya bar wa. Na durƙusa na ce, "Inna, ko ya taɓa cewa ya yafe mini?"

Ta ce, "Kai ko, ɗan nan, ka mance aikinai? Yac ce shekara da shekaru shina ganin roƙon ga fuskakka, shina jiran ka buɗe baki. Da yag ga ba ka iyawa, yac ce in gaya ma ya amsa tun ranar da yash shiga shagonka."

A nan kukan da bai zo da safe ba ya zo. Kujerar tana ƙofar shagona yanzu, na juya ta tana fuskantar titi.

Allah Ya jiƙan Baba Ladan, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe wa wanda bai iya roƙo ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya dube shi da idon rahama, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Kulu da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, Ya tsaya musu a bayansa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, amin.