Sherifatu, wadda ta tsare ƙofa ga 'yan dubiya

Kafin shagunan unguwar Small Heath su buɗe, Sherifatu Braimah ta yafa gyale ta hau bas da jakar nan tata mai nauyi. A ciki akwai wata hular roba mai wayoyi rututu, da man shafawa, da matsefi. Ba likita ba ce. 'Yar Zangon Kumasi ce, mai taimaka wa masu bincike a Edgbaston wajen gwada wata na'ura mai karanta motsin ƙwaƙwalwa. Wanda jikinsa ya shanye sai a sa masa hular, haruffa su riƙa walƙiya a fuskar kwamfuta, ya tattara hankalinsa kan wanda yake so, na'urar ta rubuta shi. Sherifatu ce mai bin gidaje tana zama da marasa lafiya har su iya.

A 2007 aka haɗa ta da Hajiya Zinatu a Levenshulme, can Manchester, wadda ciwon jijiyoyi ya kwantar har ya ɗauke mata magana. Sherifatu ta sauko daga jirgin ƙasa, ta tsefe mata kai, ta shafa man, ta ɗora hular. Na'ura ta ƙi, shirme kawai take fitarwa. Aka ce in zangon gwaji ya ƙare ba ci gaba, za a kai wa wani mai jira. In an ɗauke ta kuwa, bakin Hajiya ya rufe ke nan.

Sherifatu ta zuba ido har ta gano matsalar. Kun dai san mutanenmu, ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Wannan ya yi sallama, waccan ta shigo da kwanon farfesu. Ita kuma baiwar Allah, da tarbiyyarta, kowace sallama sai ta amsa a zuci. Hankalinta na barin harafi, aiki ya rushe.

Sai Sherifatu ta rufe ɗakin, ta ce daga hantsi zuwa azahar ba mai shiga.

To fa, gari ya ɗauka. Aka ce ta kwaso halin Turawa, aka ce mai raba zumunci. Shifa, 'yar Hajiya, ta raɗa mata, "Auntie, everyone's fuming, wallahi kowa ya fusata." Sherifatu ta ce su yi ta yi. Rannan Alhaji Falalu, yayan Hajiya, ya zo da kansa ya buga ƙofa.

"Malama, ni za ki hana ganin ƙanwata? Sai na nemi appointment an sa mini lokaci?"

"Alhaji, ko GP, likitan unguwa, ma sai da shi ake gani. Zauna a falo, Shifa ta kawo maka shayi."

"Wahalar da ita kawai kuke yi. Wadda ba ta san wanda ke kanta ba? A bi ta da addu'a."

"Addu'a muna yi. Amma ƙofar nan sai azahar."

Haka ta jure, a gaishe ta sama-sama a wajen suna, a juya mata baya a wajen biki. A cikin ɗaki kuwa harafi ya fara tsayawa, sannan kalma. Wata Alhamis da azahar ta buɗe ƙofa, ta juya kwamfutar wajen Alhaji. Hajiya ta shafe safiyar tana haɗa layi ɗaya: "Yaya, ina jin duk abin da kuke faɗa."

Alhaji ya nemi wuri ya zauna a ƙasa. Da ƙyar ya ce, "Zinatu, yafe mini." Na'urar ba ta bar gidan ba.

Wannan watan Sherifatu ke ajiye aiki, gwiwa ta hana ta hawa da sauka. Sherifatu, ke ce kika yarda a zage ki don wata ta samu bakin magana, uwar marasa murya. Ba a sa sunanki a takardun masu bincike ba, ba ki kuma nema ba. Mun gode, Allah ya saka miki da gidan Aljanna. Wanda har yanzu yake jin haushinki, ya je Levenshulme ya tambayi Hajiya, za ta ba shi amsa da kanta.

'Ya'yanmu da ke uni, wato jami'a, wani ya zo ya karɓi wannan aiki. Saura kuma, in kun je dubiya, ku daina magana a kan mara lafiya kamar ba ya wurin. Ku dube shi ku yi magana da shi, ku jira amsarsa komai daɗewarta.